Dreamland: Tarihin Gidan Rawa da Filin Wasan da Ya Mutu Ya Dawo

Duk wanda ya kalli fim ɗin nan mai suna Empire of Light na darakta Sam Mendes, wanda ya fito a ƙarshen 2022, zai yi wuya ya manta da gidan silimar da labarin ya gudana a cikin sa. Katafaren gini ne na bulo ya na fuskantar teku, ga wata siririyar hasumiya a gaban sa kamar an kafa wuƙa a tsaye, fitilu su na walƙiya a jikin ta da daddare. A nan ne Olivia Colman ta fito a matsayin Hilary, ma'aikaciyar silima mai fama da taɓin hankali, ta faɗa soyayya da wani saurayi baƙar fata, wato Micheal Ward, a Ingila ta 1980 zuwa 1981.

To, wannan gini ba don fim aka gina shi ba. Ya na nan a garin Margate da ke yankin Kent, a kudu maso gabashin Ingila. Sunan sa na gaskiya Dreamland, wato ƙasar mafarki, kuma masu fim sun ciro wannan sunan ne na ɗan lokaci su ka liƙa nasu. A bayan ginin akwai makeken filin wasa da zauren rawa waɗanda tarihin su ya haura shekara 150. Wurin ya ga mai zakuna, ya ga sojojin da su ka tsere wa mutuwa, ya ga gobara ba sau ɗaya ba, ya zama kango, sannan mutanen gari su ka tashi su ka ƙwato shi. Mai karatu, biyo mu ka ji yadda aka yi.

GARIN DA TEKU YA GINA

Margate na da nisan kusan kilomita 120 daga Landan. Tun a ƙarni na 18 likitocin Ingila su ka fara yaɗa cewa wanka da ruwan teku da shaƙar iskar sa magani ne, sai masu hali su ka riƙa niƙo gari su na zuwa ta jirgin ruwa. Har asibiti na musamman aka kafa a garin a 1791 don masu jinya da ruwan teku. Mashahurin mai zanen nan J. M. W. Turner ya yi makaranta a Margate ya na yaro, kuma ya yi ta komawa ya na zana sararin samaniyar ta har tsufan sa.

Amma abin da ya sauya garin baki ɗaya shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1846. Daga nan tafiya ta yi sauƙi, kuɗin mota ya ragu, sai leburori da ma'aikatan masana'antu na Landan su ka fara kwararowa. Da gwamnati ta kafa dokar ranakun hutu na ƙasa a 1871, abin sai ya zama kamar al'ada: ranar hutu ta zo, a kwashi mata da yara a tafi bakin teku. To, mutum idan ya gama wanka ya sha iska, da yamma me zai yi? Wannan tambaya ita ce mafarin labarin mu.

TASHAR DA JIRGI BAI TSAYA BA

Wurin da Dreamland ya ke a yau asalin sa fadama ce mai ruwan gishiri, wadda teku kan shafe idan ya cika. A shekarun 1860 wani kamfanin jirgin ƙasa ya gina tasha a gefen fadamar, amma lissafin sa bai tafi daidai ba, jirgi bai yi amfani da ita ba. Sai wasu 'yan kwangilar sayar da abinci a tashoshi, Spiers da Pond, su ka karɓi ginin su ka mayar da shi gidan cin abinci da kiɗa da rawa. Su ka sa masa suna Hall by the Sea, ma'ana zauren bakin teku. Ka riƙe wannan a ran ka, mai karatu: kafin lilo, kafin silima, da kiɗa da rawa wurin ya fara.

Kasuwa ba ta yi wa waɗannan mutane kyau ba. A 1870 wani attajirin garin, Thomas Dalby Reeve, ya saye zauren, kuma ba da jimawa ba ya haɗa gwiwa da George Sanger, wanda a lokacin ya na cikin manyan masu yawon nuna wasan dabbobi da tsalle-tsalle a Birtaniya. Har auratayya ta shiga tsakanin su, domin ɗan Reeve ya auri 'yar Sanger. Bayan rasuwar Reeve sai wurin ya koma hannun Sanger.

Shi fa Sanger ɗan duniya ne na gaske. Babu sarkin da ya naɗa shi komai, amma ya laƙaba wa kan sa sarautar Lord, kuma sunan ya bi shi har kabari. Ya taɓa yin wasa a gaban Sarauniya Victoria. Shi ne ya mayar da fadamar da ke bayan zauren lambun shaƙatawa, da tafki, da gumaka, da wani gini da aka yi shi da gangan kamar tsohon kufai. Ya jera kejina a jikin katanga ya zuba zakuna da sauran namun daji. Da rana iyalai su zo kallon dabbobi, da daddare samari da 'yanmata su cika zaure su na rawa. Ƙarshen Sanger bai yi daɗi ba: a 1911, bayan ya tsufa ya bar sana'a, wani ma'aikacin sa ya kashe shi a gonar sa da ke gefen Landan. A Margate aka binne shi.

MUTUMIN DA YA SAYO MAFARKI DAGA AMURKA

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1919, wani mai suna John Henry Iles ya saye wurin a kan fam 40,000. Asalin sana'ar Iles shirya gasar makaɗan badujala ce. A wata tafiya da ya yi da makaɗa zuwa Amurka ya ga filayen wasa na Coney Island a birnin New York, inda wutar lantarki da injuna su ka mayar da dare rana. Ɗaya daga cikin filayen can sunan sa Dreamland, wanda gobara ta cinye a 1911. Iles ya ɗauko sunan ya kawo Margate, ya buɗe nasa a 1920.

Babban abin da ya ja hankalin jama'a shi ne wani jirgin hawa-da-gangara da aka gina da katako zalla, mai suna Scenic Railway, wanda ya fara aiki a watan Yuli 1920. Yadda abin ya ke, igiyar ƙarfe ce ke jan taragon har ƙololuwa, sannan a sake shi ya gangaro da nauyin sa, ya hau tudu ya faɗa kwari, fasinjoji na ta ihu. Babu wata na'ura da ke riƙe shi a jikin layi. Mutum ne, wato mai birki, ke zaune a tsakiyar jirgin ya na ja ya na saki da hannu. Idan ya ja da yawa jirgi ya kasa hawa tudu na gaba. Idan ya yi sakaci kuwa, ai ka san sauran. Kowace tafiya da irin ɗanɗanon ta, gwargwadon hannun wanda ke kan birki. A kakar farko kaɗai kimanin mutum rabin miliyan su ka hau shi.

Iles bai manta da rawa ba, ya tanadi babban zaure don ta. A 1923 kuma ya buɗe gidan silima a wurin. Da finafinai masu magana su ka kankama, sai ya ga ƙaramin gida ba zai wadatar ba, ya ɗauko masu zanen gini guda biyu, Leathart da Granger, su ka tsara masa sabo bisa salon silimun Jamus na zamanin. Wannan shi ne ginin da mu ka gani a Empire of Light. An buɗe shi a watan Maris 1935, da kujeru sama da 2,000, da gidajen cin abinci, da wata babbar na'urar kiɗa ta ogan da ake kaɗa wa 'yan kallo kafin a fara fim. Fim ɗin farko da aka haska shi ne The Painted Veil na jaruma Greta Garbo, wanda aka ciro daga littafin Somerset Maugham.

Ga wani darasi ga furodusoshi. Iles ya ga yadda silima ke kawo kuɗi, sai ya ce bari shi ma ya shiga harkar shirya fim ɗin kan ta. Ya zuba dukiya mai yawa, ta nutse. A 1938 ya karye, ragamar Dreamland ta koma hannun ɗan sa Eric. Wato mutumin da ya yi arziki da nuna fim, shirya fim ne ya kai shi ƙasa.

DAGA ZAUREN RAWA ZUWA ƊAKIN JINYA

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnati ta karɓe wurin. A ƙarshen Mayu da farkon Yuni 1940, lokacin da aka kwaso sojojin Birtaniya da ƙawayen ta daga Dunkirk a gaɓar Faransa bayan dakarun Jamus sun rutsa su, fiye da soja 46,000 a Margate aka sauke su. Wanda ya kalli fim ɗin Dunkirk na Christopher Nolan ya san halin da su ka fito. Da yawan su a Dreamland aka fara karɓar su, a ba su shayi da tufafi, a duba masu rauni. Daɓen da aka saba takawa da takalman rawa ya cika da gadajen sojoji.

An sake buɗe filin a 1946, daga baya kuma aka samu tallafin kuɗi daga Billy Butlin, mai sansanonin hutu. Shekaru ashirin da su ka biyo baya su ne ganiyar Dreamland. Ma'aikata sun samu hutu mai albashi, mota ba ta yawaita ba, zuwa ƙasar waje kuwa sai wane da wane. Don haka jirage da bas-bas su ka riƙa juye dubban mutane a ƙofar wurin. Gobara ta kama jirgin katako a 1949, ta sake kama shi a 1957, amma duk sau biyun nan take aka gyara, domin kowa ya san shi ne ke kawo abinci.

Ba kowa ne wannan annashuwa ta burge ba. A 1953 wani matashin darakta, Lindsay Anderson, ya shiga filin da ƙaramar kyamara ya ɗauki wani gajeren fim na kusan minti 12 mai suna O Dreamland. Babu mai sharhi a cikin sa, sai fuskokin 'yan kallo a gajiye, da dabbobi a keji, da gumakan da ke kwaikwayon azabtar da fursunoni, da wata dariyar inji da ke ta maimaita kan ta har ta zama abin tsoro. Fim ɗin ya yi shekara uku a ajiye, sai a 1956 aka nuna shi a Landan a shirin farko na ƙungiyar Free Cinema, wadda ta buɗe sabon babi a finafinan Birtaniya. Har yau masu sharhi na gardama: shin Anderson tausayin talakawan nan ya ke ji, ko raina abin da ke faranta masu rai ya ke yi? Ko ma wanne ne, ya bar mana hoton wurin a lokacin da ya ke tashe.

A shekarun 1960 kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya. Zauren da iyaye su ka yi rawar rungume-rungume cikin kwat da dogayen riguna ya koma hannun 'ya'yan su masu jita da ganguna. Ƙungiyoyi irin su The Rolling Stones da The Who sun yi wasa a zauren tun kafin sunan su ya gama duniya. A watan Mayu 1964 kuma Margate ta shiga kanun jaridu, lokacin da gungun samari biyu masu gaba da juna, Mods masu ƙananan babura da Rockers masu manya, su ka gwabza a bakin teku. Manya su ka ce tarbiyya ta lalace. Waɗannan samari dai su ne daga baya su ka zama kakannin da ke ba jikoki labarin Dreamland.

RANAR DA JIRGIN SAMA YA YI ARAHA

Abin da ya kassara Margate daga sama ya zo. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni su ka fara sayar da tafiyar hutu mai rahusa zuwa Sifaniya da Girka, kuɗin jirgi da na otal a haɗe. Ma'aikacin da a da ya ke kai iyalin sa Margate su yi mako guda su na fargabar ruwan sama, yanzu da kusan wannan kuɗin zai kai su inda rana ba ta fashi. Otal-otal na garin su ka rasa baƙi, aka yanyanka su zuwa ƙananan ɗakunan haya, aka riƙa turo marasa aikin yi da marasa galihu daga wasu garuruwa. Talabijin kuma ta janye 'yan kallo daga silima, har a 1973 aka raba babban zauren nan gida-gida, wani ɓangaren daga baya ya koma wurin cacar bingo.

A 1981 wasu 'yan'uwa 'yan ƙasar Holan, Bembom, su ka saye filin, su ka sa masa sunan su, su ka kawo sababbin injunan lilo masu juya mutum ƙasa a sama. Kasuwa ta ɗan farfaɗo. A wannan zamani ne, a 1989, aka ɗauki wani sanannen kashi na wasan barkwancin talabijin na Only Fools and Horses a wurin. Sunan Dreamland ya dawo a 1990, sannan a 1996 wani ɗan kasuwa mai suna Jimmy Godden ya karɓi ragama.

A wannan shekarar ce dai marubuci Graham Swift ya lashe kyautar Booker da littafin sa Last Orders. Labarin wasu maza huɗu ne daga Landan da su ka ɗauko tokar gawar wani mahauci, Jack, bisa al'adar wasu Turawa ta ƙona mamaci, za su watsa ta a teku a Margate kamar yadda ya bar wasiyya, domin can ne ya taɓa zuwa da matar sa a ƙuruciya. An mayar da littafin fim a 2001, da Michael Caine da Helen Mirren da Bob Hoskins. Ka ga inda garin ya tsaya ke nan a zukatan mutane a lokacin: wurin da tsofaffi ke tunawa, ba wurin da yara ke ɗokin zuwa ba.

TAKARDA ƊAYA DA TA TARE BULDOZA

A Ingila akwai dokar da ta ba gwamnati ikon sanya gini a rajistar kayan tarihi. Da zarar an sanya shi, ko mai shi ba shi da ikon rushewa ko sauya fasalin sa sai da izini, in ya yi kuwa laifi ne. An saba amfani da dokar ga coci-coci da fadoji da gidajen manya. Hatta wata rumfar hutawa a bakin tekun Margate ta shiga rajistar a 2009, saboda a cikin ta ne mawaƙi T. S. Eliot ya rubuta wani ɓangare na The Waste Land a 1921. Amma kafin 2002 babu wanda ya taɓa sanya abin lilo.

Wani masanin tsara birane mai suna Nick Laister, wanda ke da sha'awar tarihin filayen wasa, shi ne ya rubuta wa hukuma ya kawo hujja cewa Scenic Railway shi ne jirgin hawa-da-gangara mafi tsufa da ya rage a Birtaniya. A 2002 aka amince, ya zama abin lilo na farko da ya shiga rajistar. Ba a yi shekara ba, a farkon 2003, mai filin ya ba da sanarwar zai rufe, a mayar da wurin shaguna da gine-ginen kasuwanci. A lissafin kuɗi ya na da hujja, domin fili ne babba a tsakiyar gari, daf da tasha, ya na kallon teku. Sai dai ga jirgin katako zaune daram a tsakiyar filin, doka ta hana a taɓa shi.

Nan take Laister da mutanen gari su ka kafa ƙungiyar ceto Dreamland. Dubban mutane su ka sa hannu, aka yi ta taruka da rubuce-rubuce a jaridu da intanet. A 2005 aka sayar da filin ga wani kamfanin gine-gine, aka ci gaba da buɗe shi jefi-jefi ana kwashe injuna ɗaya bayan ɗaya, har ya rufe ɗungurungum bayan kakar 2006. Silimar ma ta rufe a 2007. 'Yan ƙungiyar ba su zauna ba. Duk inda su ka ji za a rushe wani tsohon filin wasa, kamar na Southport da na Rhyl, sai su je su roƙi tsofaffin injunan da za a kai bola, su adana, da fatan wata rana za a kafa su a Margate.

Ana wata ga wata. Ranar 7 ga Afrilu 2008 aka cinna wa Scenic Railway wuta da gangan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na katakon ya ƙone, haɗe da taragun da ɗakin gyara. Mutane su ka tsaya a bakin titi su na kallon hayaƙi, da yawa su ka ce shi ke nan, an gama. Amma hukuma ba ta cire shi daga rajista ba. Hasali ma a wannan watan aka ɗaga darajar ginin silimar zuwa mataki na sama, a 2009 aka sanya ragowar kejinan zakunan Sanger da aka gano cikin ciyayi, sannan a 2011 aka ɗaga darajar shi kan sa jirgin da ya ƙone.

A lokacin Margate ta kai maƙura wajen lalacewa. A 2011 sama da kashi ɗaya cikin uku na shagunan tsakiyar garin a rufe su ke. Ƙaramar hukumar Thanet, wadda garin ke ƙarƙashin ta, ta ga cewa ba za a tada garin ba alhali ƙofar shigar sa kango ce. Da tattaunawa da masu filin ta ci tura, sai ta yi amfani da ikon da doka ta ba ta na sayen fili dole don amfanin jama'a. Gwamnati ta amince a 2012, masu filin su ka garzaya kotu, su ka sha kaye, su ka ɗaukaka ƙara, su ka sake shan kaye a 2013. An tara kimanin fam miliyan 18 daga asusun cacar ƙasa da ke tallafa wa kayan tarihi, da gwamnatin tsakiya, da ita ƙaramar hukumar. Aka ɗauko mai zane Wayne Hemingway ya tsara sabon fasali mai kama da na shekarun 1950 da 1960. Ranar 19 ga Yuni 2015 aka buɗe ƙofa, bayan shekara 12 ana fafatawa.

BIKI YA ƘARE, SAURA BIYAN BASHI

Da a fim ne, a nan za a rubuta ƙarshe a sa waƙa. Amma rayuwa ba ta tsaya nan ba. Ranar buɗewa jirgin katako bai kammala ba, sai a watan Oktoba ya fara ɗaukar mutane, bayan kaka ta wuce. Da yawa daga tsofaffin injunan da aka ceto sun ruɓe fiye da yadda za a iya gyarawa. Masu zuwa su ka yi ƙorafin kuɗin shiga. A watan Mayu 2016, ƙasa da shekara ɗaya da buɗewa, bashi ya ci kamfanin da ke tafiyar da wurin, aka miƙa shi hannun masu kula da kamfanonin da su ka durƙushe. Ashe son da mutum ke yi wa wuri a zuci daban, zuwan sa ya sayi tikiti a ranar da ake ruwa daban.

Wasu masu zuba jari su ka sake narka kusan fam miliyan 25, aka sake buɗewa a 2017. A wannan karon an sauya tunani. Aka gina babban dandamali a fili, aka gyara zaurukan ciki, har aka dawo da tsohon sunan nan na Hall by the Sea aka sa wa ɗaya daga cikin su. Aka sake kunna fitilun hasumiya. A watan Yuni na shekarar ƙungiyar mawaƙa ta Gorillaz ta yi babban biki a filin, daga nan manyan mawaƙa su ka fara sanya Margate cikin jerin garuruwan da su ke zagayawa. Jirgin ƙasa mai sauri da ya fara aiki a 2009 ya rage tafiya daga Landan zuwa kusan awa ɗaya da rabi, gidan nuna zane-zane na Turner Contemporary da aka buɗe a 2011 ya jawo wasu irin baƙi. A Disamba 2019 a Dreamland aka yi bikin ba da kyautar Turner, inda masu zane huɗu da su ka kai zagayen ƙarshe su ka nemi a raba masu kyautar tare. A 2022 Sam Mendes ya iso da kyamarorin sa, kuma hotunan da Roger Deakins ya ɗauka sun kai shi takarar Oscar.

Daga baya ƙaramar hukuma ta sayar da filin ga kamfanin da ke tafiyar da shi, kuma a ƙarshen 2023 wani reshe na Live Nation, katafaren kamfanin shirya bukukuwan kiɗa, ya saye kaso mafi tsoka. Shi kuwa jirgin katako, a watan Agusta 2024 layin sa ya samu matsala aka tsayar da shi, sannan a farkon 2026 masu wurin su ka sanar cewa ya yi ritaya daga ɗaukar fasinja. Wannan sanarwa ta ɓata ran mutane da yawa, musamman waɗanda su ka yi shekaru su na fafutuka, su na ganin da kuɗin jama'a aka sake gina shi. A nan ne iyakar dokar ta fito fili: ta na iya hana a rushe abu, amma ba ta iya tilasta wa kowa ya ci gaba da tuƙa shi.

TO, ME YA DAWO?

Idan aka duba da kyau, kowane zamani ya zo wa Dreamland da abin yayin sa, kuma ya tafi da shi. Zakunan Sanger sun tafi. Silimar da ta ci kujeru 2,000 ba ta cikin abin da aka farfaɗo da shi a 2015, har sai da masu fim su ka zo su ka yi mata kwalliyar aro. Injunan Bembom an sayar. Abin da ya fi daɗewa shi ne wanda aka fara da shi a tsohuwar tashar nan: a tara mutane wuri guda a bakin teku, a yi masu kiɗa, su taka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma abin lura game da waɗanda su ka yi ceton. Attajirai sun zo sun wuce, kowanne da lissafin sa, kuma babu laifi a neman riba. Amma lokacin da ribar ta koma ga rushewa, waɗanda su ka tsaya su ne mutanen da iyayen su su ka haɗu a zauren rawa, da waɗanda su ka fara kallon fim a ginin, da mutum ɗaya da ya san yadda ake rubuta wa hukuma takarda tun kafin buldoza ta iso. Da a ce an jira sai bayan sanarwar 2003 kafin a nemi rajista, da wataƙila yau manyan kantuna ne a wurin.

Mai karatun da ya taɓa bin layin tikiti a ɗaya daga tsofaffin silimun garuruwan mu, ya dawo bayan shekaru ya tarar da shaguna ko sito a wurin, ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da mutanen Margate su ka ji. Wurin nishaɗi ba a cika ɗaukar sa da daraja ba sai ranar da aka wayi gari babu shi. Su dai sun farga da sauran lokaci, sun kuma gane cewa buɗe ƙofa a 2015 ba shi ne ƙarshen aiki ba. Katakon da Iles ya fara kafawa a 1920 ya ƙone sau uku ya tashi. Ko zai sake jin ihun fasinja, wannan ya rage ga masu wurin da kuma mutanen garin, waɗanda an riga an san ba su iya yin shiru ba.